Manhajar da take barci

Kawuna yana da shagon sari a babbar kasuwar Maradi: shinkafa, sukari, taliya, man girki. Masu ɗaukar kaya bashi tun daga Tibiri har Gidan Rumji, duk sunayensu na cikin wani tsohon littafi da mai ya jiƙa. Da na ɗan iya rubuta manhaja sai na ce zan haɗa masa wadda za ta riƙe lissafin. Tambayarsa ɗaya ce: nawa? Na ce ko dala ba zai fitar ba.

Kuma gaskiya na faɗa. Visual Studio Community, kayan aikin rubuta manhaja da kamfanin Microsoft ya fitar a 2014, kyauta ne ga mutum ɗaya, haka ma ga ƙaramin kamfani idan masu aiki da shi ba su wuce biyar ba, kuma cinikin shekara bai haura dalar Amurka miliyan ɗaya ba. Na karanta wa Kawu sharaɗin don ya ji daɗi, sai ya ɓata rai.

"Wa zai gaya musu cinikina? Ko matana ba su sani ba."

Aikin ya yi kyau. Saura inda za a ɗora shi a intanet, nan ma na samu wani kamfani mai ba da wuri kyauta. Sai dai na kyautan, in aka jima ba a taɓa shi ba, kashe kansa yake yi, tashinsa kuwa sai an yi haƙuri.

Ranar gwaji Kawu ya tara alhazan layinsu, aka kawo shayi. Na danna. Wani ɗan da'ira ya kama juyawa. Na sake dannawa.

"Ɗan nan, rezo ne?"

"A'a Kawu, barci take."

Wani alhaji ya ce ai shi ma yana da yaron shago irin wannan. Kafin ta farka Kawu ya buɗe littafinsa, ya samo sunan da ake nema, ya rufe, ya kurɓi shayi.

Bayan ta tashi muka shiga zuba sunaye. Muna tsakiyar littafin sai ga rubutu da Turanci: rumbun kyauta ya cika, a biya kafin a ƙara. Sunan da ya maƙale a ƙofa kuwa na surukin Kawu ne, mai bashin buhu arba'in, yana zaune a wurin. Ya ce wallahi wannan na'ura ta san girman manya.

Kawu ya zaro damin jikkoki daga aljihu, ya ce in je in biya su. Na ce sai da katin banki, kuma duk wata.

"Duk wata? Haya ke nan. Ina shagonsu yake, mu yi ciniki?"

Na ce Amurka. Ya mayar da kuɗinsa.

Yanzu ga yadda muke: rabin masu bashi suna intanet, rabi suna littafi. An kuma ba ƙaramin yaron shago waya, aikinsa ya riƙa latsa ta kada manhaja ta yi barci. Kawu na saya masa data da abincin rana. Jiya da azahar na leƙa, na tarar yaron ya kwanta kan buhunan shinkafa yana minshari, surukin Kawu na masa fifita.