Wata Ɗaya Da Na Yi Ina Gwamnan Babban Banki

Duk wanda ya san ni ya san ba a ambaton hauhawar farashi a gabana in yi shiru. Na sha bugun ƙirji a gaban abokai cewa da za a damƙa mini babban banki na wata uku kacal, da an ga aiki. Ashe Allah na ji na.

Rigimar waya ce ta jawo. Yara uku gare ni, kowanne so yake ya karɓi wayata ya buga wasa, amma da ka ce a share falo sai kowa ya tuna an ba shi aikin makaranta. Rannan dabara ta faɗo mini. Na yayyanka kwali, na buga wa kowane yanki hatimina, na tara su na yi jawabi: daga yau gidan nan yana da kuɗin kansa. Kati ɗaya daidai yake da minti 10 na waya. Shara kati ɗaya, wankin mota kati uku. Na buga guda 30, na rantse ba ƙari. Uwargida na gefe tana ninke kaya, ta ce, "To, Allah ya sa alheri, Maigida." Da na lura da yadda ta ja alherin nan, da na dakata.

Makon farko sai son barka. Gida fes, mota na ƙyalli, har kokawa ake a kan goge mini takalmi.

Abin da ban yi lissafi da shi ba, hatimin a aljihuna yake kwana. Ina kishingiɗe, rimot na can kan tebur, katunan hannuna sun ƙare. Na ce ɗaya tak ai ba zai kashe kowa ba. Washegari na buga biyar don a ɗauko mini caja daga ɗaki, wanshekare goma don a yi shiru in runtsa. Ni da na gama zagin gwamnatocin duniya kan buga kuɗi ba kan gado, ga ni ina yi daga kwance, ko kunya babu.

Kafin sati uku babban yarona ya zo ya sanar da ni wankin mota ya koma kati 20. Na ce da izinin wa? Ya ce, "Baba, kowa aljihunsa cike yake da kati, wayar kuma ɗaya ce." Yaron da lissafi ke kayarwa kowane zango, shi ne ya biya mini karatun da nake yi wa manya a waje. Nan na tuna Jamus a Nuwamban 1923, lokacin da dalar Amurka ɗaya ta kai mak, kuɗin Jamus na lokacin, tiriliyan 4.2, ma'aikaci ya karɓi albashi ya ruga kasuwa kafin ya narke a hannunsa. Kuna tsammanin tunawar ta hana ni? Biro na ɗauka na shiga ƙara sifili a jikin katunan. Zimbabuwe ma ta wannan hanyar ta bi har ta fitar da takardar dalarta ta tiriliyan 100 a 2009, kuma a shekarar ta jingine kuɗinta ta koma amfani da na wasu.

Ana cikin haka sai na fara cin karo da katunan da hatiminsu ke kife, wasu ma a jikin kwalin takalmi. Bincike ya nuna Auta ce, 'yar shekara shida, ke lalube aljihun rigata duk lokacin da na shiga wanka. Da na tsare ta, ko gezau. Ta ce, "Ai kai ma haka kake yi, Baba."

Asirina ya tonu ne ranar wata Asabar, saura minti biyar a take wasan ƙwallon da na shirya kallo a waya. Sai ga su ukun sun jeru, kowa da ledarsa, sun zo karɓar haƙƙinsu a lokaci guda. Da aka ƙirga, ana bin wayata bashin kwana uku cur, ba dare ba rana.

Sai na yi irin ta Nixon. A ranar 15 ga Agustan 1971 shugaban na Amurka ya fito a talabijin ya ce an dakatar da musayar dala da zinariya na ɗan lokaci, kuma ɗan lokacin nan har yau bai ƙare ba. Na gyara murya na ce an dakatar da musayar kati da waya na ɗan lokaci. Bambancinmu da shi, masu bin sa bashi suna ƙetaren teku, nawa kuwa a falona suke, kuma suna da makogwaro. Ranar ko ƙwallo ɗaya ban gani ba. Washegari aka tsunduma yajin aiki, wani ma ya rubuta "a wanke ni" da yatsa a kan ƙurar motata.

Dole na je wurin uwargida, wadda ta zame mini Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Ta yarda ta ara wayarta a rage bashin, amma da sharuɗɗa, kuma a rubuce: in miƙa hatimi, in rage sayen data, sannan in riƙa wanke motata da kaina har wata biyu. Na ce wannan ai katsalandan ne cikin harkokin mulki. Ta ce, "Maigida, mai neman rance ba ya ɗaga murya. Sa hannu."

Jiya da safe ina durƙushe ina cuɗar taya, Auta ta fito ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu, ta zagaya motar ta duba ta sama da ƙasa. Ta zaro kati mai sifili shida ta cusa mini a aljihu, ta ce, "Ka yi ƙoƙari, Baba. Amma ka manta madubi."