Rage iskar taya ba ya hana ta fashewa

Abin da ke damuna shi ne yadda masu babur, in za su yi doguwar tafiya da bazara, suke sa mai faci ya rage iskar taya, wai kada zafin kwalta ya fasa ta. Gaskiya ne iska tana kumbura idan ta ɗumama, amma masu ƙera taya sun yi lissafin wannan. Tayar da ba ta cika ba ita ke lotsawa, ta yi ta murzuwa har zafi ya fasa ta. Mai tafiya Maiduguri daga Kano da goyo da buhu, tayarsa ta baya ƙarin iska ma take buƙata. A auna da safe, taya na sanyi, bisa adadin da kamfanin babur ɗin ya rubuta.