Doka ta ga gatari, ba ta ga katafila ba

Duk shekara idan damina ta kawo kai, sai gwamnatocin jihohinmu su tuna akwai wani abu wai shi daji. Za ka ji sanarwa a rediyo: an haramta sare itace ba da izini ba, an haramta ƙona gawayi, an kafa kwamitin kar-ta-kwana, kotun tafi-da-gidanka za ta fara aiki. Kwamishina ya tsuguna ya dasa darbejiya guda, a ɗauki hoto, a watse.

Ni ba ni da ja da dokar. Mutumin arewacin Katsina ko Jigawa ko Yobe ba sai an yi masa lacca a kan kwararowar hamada ba, yana ganin rairayi na hawa katangarsa. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne wa dokar take kamawa, wa kuma take tsallakewa.

Je ka tsaya a shingen malaman daji ranar kasuwa. Igiya ce aka gitta a hanya an ɗaura mata jan ƙyalle, ga benci a inuwa. Waɗanda ake tsayarwa su ne dattijo mai jaki da itacen girki, da yaro mai buhun gawayi biyu a bayan babur, da mai amalanke. A karɓe gatari, a sauke kaya.

"Baba, ina takardarka?"

"Yallaɓai, wace takarda kuma? Busasshen reshe ne na tsinto."

A yi ta ja-in-ja har a daidaita a kan abin da ke aljihunsa. Wani lokaci a ba shi rasit, sau da yawa ko maganarsa ba a yi. Ana cikin haka tirela za ta taho, an yi mata lodin gawayi har ya ɗara kanta, an ja tamfol an ɗaure. Direba ko saukowa ba ya yi. Ya miƙo takarda ta taga, a sauke igiya, har da yi masa Allah ya kiyaye hanya.

Kuma tirelar gawayin nan ƙaramin alhaki ce idan aka zo maganar katafila. Wani babba zai samu fili a tsakiyar gandun daji da sunan noman zamani. Kafin mutanen ƙauye su farga, katafila ta shigo tana tuge kirya da marke da ɗorawa da kaɗanya har saiwa, a tara su a cinna wuta, hayaƙi ya yi kwanaki yana tashi. Abin da masu gatari ɗari ba za su iya ba a shekara, a gama shi cikin mako. Daga nan a zagaye da waya a kafa allo. Burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya ya faɗa cikin waya. Matan da ke tsintar kaɗanya su yi man kaɗe, su ɗebi kalwa su yi daddawa, sana'arsu ta tafi ba wanda ya ko yi musu sallama. A noma riɗi ko masara 'yan shekaru, ƙasa ta gaji, mai gona ya sa a nemo masa wani dajin. Duk wannan ba a kiransa laifi, domin akwai takarda.

To takardar nan ita ce maganar. Takarda ba ta sa wa kanta hannu.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa kuma aka cusa ta cikin kundin tsarin mulki, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Amma sashenta na farko bai ce ƙasar tasa ce ba, cewa ya yi amana ce yake riƙe wa jama'a. Sashe na 6 kuma ya ba ƙaramar hukuma ikon bayar da filin noma har hekta 500, na kiwo har hekta 5,000, ba tare da neman amincewar gwamna ba. Ku auna wannan da gonar talaka mai hekta ɗaya ko biyu. Gonakin ƙauye sukutum ke nan, shugaban ƙaramar hukuma ko kantoman riƙo zai iya miƙa wa mutum guda da biro ɗaya. Akwai kuma dokar 1992 da ta wajabta binciken illar aiki ga muhalli kafin a mayar da daji mai faɗin hekta 500 ko fiye gona. Dabarar kauce mata ba ɓoyayya ba ce: a yanka filin gunduwa-gunduwa, wannan da sunan ƙane, wancan da sunan suruki, waya ɗaya ta zagaye su duka. Sannan dajin da gwamnati ta keɓe ba a taɓa shi sai an cire shi daga keɓewar a hukumance an buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyayu. Cikin makiyayu 415 da ake lissafawa a ƙasar nan, kusan kashi ɗaya bisa uku ne kaɗai aka taɓa bugawa a gazet. Sauran an bar su a sarari, duk mai ƙarfi ya gutsura.

Ashe dokoki ba su yi mana ƙaranci ba. An dai raba su ne, akwai ta 'yan mowa akwai ta 'yan bora.

Wani zai ce ai gwamna yana da rigar kariya. Gaskiya ne, sashe na 308 ya kare shi da mataimakinsa, amma iyakar lokacin da suke kan kujera. Bai kare kwamishinan ƙasa ba, bai kare babban sakatare ba, bai kare daraktan gandun daji ko shugaban ƙaramar hukuma ba. Kuma ranar da gwamna ya sauka rigar ta tuɓe. To ku lissafa mini a nan ƙasa tsofaffin masu muƙami nawa aka gurfanar a kotu saboda sun rabar da gandun daji. Wanda ya ci kuɗin kwangila muna jin EFCC ta gayyace shi. Wanda ya raba daji ga 'yan siyasarsa ana saura wata uku ya sauka, sai dai a kira shi a ba shi sarauta.

Ba a tuna da masu sa hannu sai jini ya zuba. A tsakiyar 2020 an yi mummunan rikici tsakanin manoma da makiyaya a Zadawa ta ƙaramar hukumar Misau a jihar Bauchi, a kan wani yankin daji da aka yanka aka raba, aka rasa rayuka. Gwamna Bala Mohammed ya dakatar da Sarkin Misau, aka kafa kwamitin bincike, daga baya aka mayar da Sarki kan karagarsa. Ban kawo wannan don in ɗora wa wani laifi ba, kuma gwamnan ya yi abin da wasu takwarorinsa ba su yi ba, ya nuna cewa rabon daji magana ce da za ta iya taɓa manya. Amma ku lura da yadda lamarin ke tafiya kusan ko'ina a Arewa. Sai an binne gawarwaki ake tambayar wa ya bayar da filin. Kuma hannun hukuma ya fi saurin kaiwa kan masu rawani, hakimi da dagaci da mai unguwa, domin su ake iya dakatarwa da takarda guda ba sai an je kotu ba. Zaɓaɓɓe da naɗaɗɗen ɗan siyasa, waɗanda hatimin ke cikin aljihunsu, ba kasafai ake jin sunansu ba.

Zamfara kuwa ta isa darasi. Masu bincike da dattawan yankin sun sha faɗa cewa rabon dazuzzuka da makiyayu ga manoma da manyan mutane bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 yana cikin abubuwan da suka tunzura rikicin da ya rikiɗe ya zama ta'addancin 'yan bindiga. Ba shi kaɗai ba ne, akwai zalunci a kotuna, akwai satar shanu, akwai 'yan sa-kai, akwai zinari. Kuma babu abin da zai wanke wanda ya ɗauki bindiga ya kashe bayin Allah. Amma makiyayin da ya wayi gari ya ga burtalin kakanninsa ya zama gonar wani, ya bi ta gefe shanunsa suka yi ɓarna, aka ci shi tarar da ta fi ɓarnar, ya riga ya koyi cewa doka ta mai ƙarfi ce. A 2019 kwamitin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya miƙa wa gwamnatin jihar rahoto a kan rikicin. Yau Kuyambana da Rugu da Kamuku, dazuzzukan da aka keɓe don itace da namun daji, malamin daji ba ya iya shiga cikinsu. Ga shi can a bakin kwalta da igiyarsa yana jiran mai jaki.

Haka aka yi da madobiya. Shekaru kaɗan aka ɗauka ana kwasar ta daga dazuzzukan Taraba da Adamawa da Kogi ana lodawa zuwa Sin. A 2017 wata ƙungiyar binciken muhalli ta Amurka ta fitar da rahoto a kan gungume kusan miliyan 1.4 da suka fita daga Najeriya, a 2018 kuma hukumar CITES, mai sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, ta dakatar da cinikin madobiya daga ƙasar nan. Gungume miliyan ba ya bi ta hanyar ɓarayi a kan jaki. Ta kan kwalta ya bi, ya wuce shingaye, ya shiga tashar jiragen ruwa da takardu. Sai da 'yan waje suka tsawatar sannan aka tsaya.

Kada a ce ina wanke talaka. Mai gawayi yana ɓarna, kuma idan aka tara ɓarnar dubban masu gatari ba ƙarama ba ce. Na ga inda aka sare ɗanyen gawo a tsakiyar gona, itacen da kowane manomi ya san gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa. Sai dai mu faɗi gaskiya a kan abin da ke tura su. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, gas da kalanzir sun fi ƙarfin gidaje da yawa, har ma'aikacin birni ya koma kurfoti. Matar da za ta dafa wa yara tuwo ba za ta jira Babbar Ganuwar Itatuwa, shirin dashen itatuwa don tare hamada, ba. Ka hana gawayi ba ka kawo madadinsa ba, abin da ka yi kawai shi ne ƙara kuɗin goro a shinge.

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi ta wannan hanyar kafin mu. A da dokarsu ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati, ko da a gonarka suka tsiro. Manomi ya sare reshe a ci shi tara, don haka da ya ga tsiro sai ya tumɓuke tun yana ƙarami, kada ya jawo masa malamin daji. Bayan farin 1984, a yankin Maraɗi, aka fara ƙarfafa wa manoma su bar kututturan da ke toho a gonakinsu su riƙa yi musu aski, abin da suke kira sassaben zamani. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya kula da shi nasa ne, sai abin ya bazu har Damagaram. Ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo ta haka, galibi ba dasa su aka yi ba. Mu kuwa a 2019 Shugaba Buhari ya yi alƙawarin dasa itatuwa miliyan 25 a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 na shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, don jihohin Arewa 19 da Abuja. Kuɗi ne masu yawa, kuma ina fatan su yi amfani. Amma a dasa tsiro dubu da safe a sa hannu a ture manyan itatuwa dubu goma da yamma, wannan lissafin ba zai taɓa tashi ba.

Abin da nake nema ba sabuwar doka ba ce, ba kuma sabon kwamiti ba. Kowace jiha ta fito da jerin filayen da aka yanka daga gandun daji da makiyayu tun 1999: ina ne, hekta nawa, wa aka ba, wa ya sa hannu, a wace gazet aka buga. A manna a sakatariyar ƙaramar hukuma, a karanta a rediyo da Hausa da Fulatanci. Wanda ya samu nasa ta hanyar da ta dace ba abin da zai ji tsoro. Wanda babu gazet a bayan takardarsa a karɓe filin, shi da jami'in da ya sa hannu su tsaya gaban alƙalin da ke yanke wa mai jaki hukunci. Tara kuma ta bi faɗin abin da aka share, a yi ta da hekta, domin tarar da za ta sa talaka ya sayar da akuyarsa ba ta kai kuɗin man katafila na yini guda ba.

'Yan majalisar jiha su ne ke da ikon kiran kwamishina su tambaye shi, kuma da yawansu sun san dazuzzukan mazaɓunsu fiye da kowa, wasunsu ma don suna da gona a ciki. 'Yan jarida da ƙungiyoyinmu kuma suna da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, su rubuta su nemi jerin nan, a ƙi ba su su tafi kotu. Masu neman ƙuri'a na nan tafe da atamfa da taliya. Duk wanda ya zo garinku ku tambaye shi a gaban jama'a ko zai buga sunayen waɗanda aka ba daji, har da na 'yan jam'iyyarsa, kuma ku ɗauki amsar a waya.