Nama kaɗai ba ya mayar wa mai keke da ƙarfinsa

Idan masu tuƙa keke suka zauna hira bayan doguwar tafiya, zancen abinci ba ya wuce nama da ƙwai. Da yawa sun ɗauka tunda tsoka ce ta sha wahala, furotin (sinadarin gina jiki da ke cikin nama da ƙwai) kaɗai take nema, shinkafa da burodi kuwa ƙiba kawai suke sawa. Ba haka abin yake ba.

Lokacin da ake taka feda da ƙarfi, abin da jiki ya fi ƙonawa shi ne sukarin da ya adana a tsoka da hanta, wanda ake kira gilaikojin. Ajiyar ba ta da yawa. Minti 90 zuwa awa 2 na tuƙi mai tsanani kan kusa cinye ta, sai ka ji ƙafa ta yi nauyi, hannu na rawa, jiri na ɗibarka. Abinci mai sitaci ne ke cike wannan gurbi: shinkafa, taliya, dankali, burodi, ayaba. Wanda zai sake hawa keke a ranar, ana ba shi shawarar ya riƙa cin kusan giram 1 na sitaci ko sukari kan kowane kilo na nauyinsa duk awa, cikin awa 4 na farko bayan ya sauka daga keke. Mai kilo 70, giram 70 ke nan duk awa.

Furotin yana da nasa aikin na gyaran tsoka, amma giram 20 zuwa 30 sun wadatar a cin farko bayan tuƙi, kamar ƙwai 4. A kuma sha ruwa sosai tare da abinci mai ɗan gishiri, domin gumi yana tafiya da gishirin jiki.