An bar jaki ana dukan taiki: maganar ping

Daren jiya autanmu ya same ni a shago yana huci kamar kububuwa. Wai sau uku a jere ana harbe shi a PUBG, wasan harbe-harbe na intanet, bayan ya riga ya shige bayan katanga, kuma wani abokinsa ya nuna masa manhajar da za ta sauke masa ping zuwa 20 idan ya biya kuɗin wata. "Yaya, dubu uku ce kawai." Na ce, "Auta, riƙe kuɗinka ka sayi tsire." Shi ne na ce bari in rubuta abin da na gaya masa, don na san ba shi kaɗai ake wa wannan sayen kifi a ruwa ba.

Wannan lambar da take komawa ja a gefen allo lissafin tafiya ce. Ka danna harbi, saƙo ya bar wayarka, ya je wurin saba, wato babbar kwamfutar da ke tafiyar da wasan, amsa ta dawo. Lokacin zuwa da dawowar shi ne ping, ana auna shi da milisakan, wato ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. To ina sabar take? Yawancin lokaci Turai, ko Gabas ta Tsakiya, ko Afirka ta Kudu. Kai kuma kana zaune a Kano.

Mu yi lissafin 'yan firamare. Haske a cikin wayar faiba yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Igiyar Glo-1 da ta bi ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Ingila tsawonta kilomita 9,800 ne. Zuwa da dawowa, milisakan 98 ke nan sun tafi. Ƙara tafiyar Kano zuwa Legas, kusan kilomita dubu, wani goman ya hau. Ba mu sa ƙarfen sabis ɗin unguwarku ba, ba mu sa na'urorin da saƙon zai ratsa a hanya ba. Ko igiyar MainOne da ta fi gajarta, mai kilomita 7,000 zuwa Fotugal, milisakan 70 take ci kafin a ce Faransa ko Jamus. Don haka duk wanda ya ce zai ba ka 20 a sabar Turai kana Kano, ko dai bai sani ba, ko ya san kai ne ba ka sani ba. Manhaja ba ta rage faɗin teku.

Shi ya sa ake kashe ka a bayan katanga. A allonka ka ɓuya, amma labarin ɓuyar bai isa saba ba, shi kuma Bajamushen da ke kusa da ita har yanzu a fili yake ganinka. Wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa, ping 150 yana nufin hoto tara ne tsakanin dannawarka da amsar. A faɗan kusa, wannan ya isa a gama da kai har a kwashe kayanka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu cewa a ƙara data ko a sayi layi mai gudu. Faɗin titi daban, tsawonsa daban. Ko an yi wa hanyar Kano zuwa Legas hannu goma, Legas ba za ta matso ba. Wasan nan ɗan abin da yake aikawa bai taka kara ya karya ba, sau da yawa ko megabit ɗaya a daƙiƙa bai kai ba. Bukatarsa kawai saƙon ya wuce ba tare da bin layi ba.

A nan ne kake da ta cewa. Na bi Auta gida na ga abin da idona. Yana kwance a ɗaki can ƙurya, rauta, na'urar da ke ba da Wi-Fi, tana falo, bango biyu a tsakani. Ƙanwarmu tana ɗora bidiyon biki a WhatsApp, Hajiya tana kallon wa'azi a YouTube, ita kanta wayar tasa tana ta kwashe hotuna tana turawa ma'ajiya a ɓoye. Ping yana tsalle daga 120 zuwa 400 ya dawo. Wannan tsallen shi ne mugun, ba girman lambar ba. Wallahi gara mini 140 da ta tsaya cak, hannu zai saba da ita, da 90 mai rawa. Ɗora abu sama, musamman bidiyo, shi ya fi komai toshe hanya, domin saƙon harbinka sai ya tsaya a bayan kayan wani. Mai kwamfuta ko PlayStation ya ja kebul daga rauta kai tsaye, ya bar Wi-Fi. Mai waya ya matso kusa, ya hau Wi-Fi na 5GHz idan rautar tana da shi. Kuma kowa ya san bayan isha'i, lokacin da unguwa gaba ɗaya ta hau ƙarfen sabis ɗaya, ba daidai yake da bayan asuba ba.

Sai zaɓen saba. Kada taswira ta ruɗe ka. Microsoft ya buɗe cibiyoyin ajiye sabobinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya bi a 2020, amma wani layin sai ya kai saƙonka Landan kafin ya gangaro da shi can, tafiya ta ninka. Gwada kowace saba da kanka, a layinka, a lokacin da ka saba wasa. A irin wannan yanayi kaɗai VPN, manhajar da ke bi da saƙonka ta wata hanya daban, yake iya yin rana, idan ya samo hanyar da ta fi ta kamfaninka miƙewa. Gwada na kyauta tukuna. In lamba ba ta sauka ba, goge shi, don galibi ƙarin zango ne kawai.

Starlink fa, mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam? Ya shigo Najeriya a farkon 2023, taurarinsa suna kusan kilomita 550 sama, ba kamar tsofaffin da ke sama da kilomita 35,000 masu ping kusan 600 ba. Yana rage wa na ƙauye wahala sosai. Amma sabar tana inda take.

Ni a ganina, ƙarfin da muke ɓatawa wajen neman saitin sirri gara mu juya shi kan masu wasannin da ba su da saba a ƙasar nan, mu dame su su ajiye ta a Legas. Igiyar Equiano ta Google ta sauka can a 2022, cibiyar haɗa layukan intanet ta ƙasa, IXPN, tana nan tun 2006. Wanda ya ga ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyi huɗu suka lalace a gaɓar Kodebuwa, ya san yadda muka rataya a wuyan teku.

Auta dai ya dawo falo, ya roƙi ƙanwarmu ta bari sai ya gama, ya koma sabar Turai, lamba ta tsaya a 130. Minti biyar aka sake kashe shi. Ya ɗago ya dube ni, na ce wannan kam hannunka ne.