Zafin nan da ke taso wa mata in al'ada ta kusa ɗaukewa

Ni dai tunda na zauna a Birmingham ta Ingila abin da na lura shi ne matan nan ba su fi namu na gida dabara ba a kan wannan zafin, bakinsu ne kawai a buɗe. Mace za ta kunna 'yar fanka a kan teburin ofis cikin sanyin Janairu ta ce abin ya motsa, ba wanda zai ko ɗaga kai. A Kano kuwa yayarki za ta farka tsakar dare rigar bacci sharkaf, fuska da wuya da ƙirji kamar an hura garwashi, ɗan jimawa ya sake ta ya bar ta da rawar sanyi, gari na wayewa sai a ce maleriya ce ko taifot, wata gwaggo ma ta ce iska ce a nemo hayaƙi. Alhali sinadarin jikin mace mai suna estrogen ne ke hawa da sauka, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki ya rikice. Yawanci tsakanin shekara 45 da 55 al'ada ke tsayawa, amma zafin kan fara tun tana ganin jini jefi-jefi, ga kuma lissafin sallah ya cakuɗe mata, ta rasa wa za ta tambaya.

Kar ki ɗauka Turawa ba sa shan ganye, wallahi suna sha, kanti guda ne cike da kwalabe, black cohosh, red clover, da tsadarsu. Amma a jikin kwalbar black cohosh an rubuta gargaɗi a kan hanta, St John's wort kuma kowa ya san yana rage ƙarfin wasu magunguna har da na sankarar mama. To mai lasifika a bakin kasuwa da jiƙonsa a jarka, wa ya rubuta miki abin da ke ciki? Nan ne ni ban yarda ba, ko da an ce kakanni sun sha.

Abin dariyar, abin da ake ba mata shawara a nan mu muna da shi a araha. Waken suya da suke ta yabo ai awara ce, wadda yarinya ke soyawa a lungu, wasu kan ji sauƙi wasu ba sa ji. Ruwan randa, atamfa ta auduga maimakon leshi mai ƙaiƙayi, tabarma a tsakar gida in an ɗauke wuta. Sai dai fa mu ke tsokano shi da kanmu, shayi ya sha citta da kanumfari da masoro, tuwo a zabga masa yaji, ga kofi, kuma abin zafi da yaji da kofi kan iya tada shi. Zobo mai sanyi ba citta yana da daɗi, amma mai shan maganin hawan jini ta yi a hankali don shi ma yana saukar da jini.

In abin ya hana bacci a nan likita zai yi miki maganar HRT, wato maganin da ke maye gurbin estrogen ɗin da ya ragu, ya duba ko ya dace da ke, don ba kowa ake ba ba. A gida ma likitocin mata sun san shi, zuwa ne ba a yi. Wadda ta shekara cif ba ta ga jini ba sannan ya dawo kuwa, ba maganar hulba ko habbatus sauda ba ce, a kai ta asibiti a duba mahaifa.