A hannun wa amsoshin ma'aikata za su kwana?

Duk lokacin da wata ma'aikata ta tashi jin ra'ayin ma'aikatanta, musun da ake yi a ɗakin taro na kuɗi ne: mu yi da kanmu, ko mu ɗauko kamfanin waje? Ni a ganina kuɗin ƙaramar magana ce. Shi ma'aikaci, kafin ya rubuta ko da kalma ɗaya, abin da yake son sani shi ne wa zai karanta.

Yin abin a cikin gida ba wuya yanzu. Google Forms na haɗa fom ɗin tambayoyi kyauta ne, KoboToolbox ɗin da ƙungiyoyin agaji ke yawo da shi suna tattara bayanai a Maiduguri yana aiki ko babu intanet. Yaron ofishin kula da ma'aikata zai haɗa maka tambayoyi kafin la'asar. To amma ku dubi fom ɗin da kyau. A sama an rubuta "ba ma buƙatar sunanka", a ƙasa kuma sai ga sashenka, shekarunka a aiki, mace ko namiji, matakin albashi. A asibitin kuɗi mai ma'aikata talatin, mata nawa ne a ɗakin gwajin jini da suka shekara bakwai? Ɗaya ce, kuma ta san ita kaɗai ce. Ta kuma san wanda zai buɗe amsoshin tare da oga yake cin abincin rana. Sai ta bi ta danna "na gamsu ƙwarai" daga farko har ƙarshe, ta tura, ta koma kan aikinta. Gobe a kira taro a ce Alhamdulillahi kowa yana jin daɗi, jibi ta kawo takardar ajiye aiki, a hau mamaki.

Shi ya sa na fi karkata ga na waje, in dai tambayar ta taɓa albashi, ƙarin girma, halin shugaban sashe ko cin zarafi. Ba a bai wa kura ajiyar nama. Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, tun 2003 take wannan bincike duk shekara, kuma kamfanonin waje ne ke karɓar amsoshin, shugabannin asibiti ba sa ganin ta mutum ɗaya. Rukunin da bai kai mutum goma ba ma ba a fitar da sakamakonsa. Na san wani zai ce ai Google a gida suke nasu, wanda suke kira Googlegeist. Haka ne, amma mai ma'aikata fiye da dubu ɗari da ƙwararrun bincike a cikin gidansa ba sa'an kamfanin ruwan leda ba ne.

Sai dai ba kowane na waje ne na waje ba. In abokin shugaban kamfani ne ko ƙanin matarsa aka bai wa kwangilar, wallahi ma'aikata za su riga ka sani, kuɗin kawai aka zubar. Akwai kuma masu kwaso tambayoyin ƙasashen waje su dire mana yadda suke. Kamfanin Gallup na Amurka yana da tambayoyi 12 da suka yi suna, cikinsu har da wadda ke tambayar ko kana da amini a wurin aiki. Ba laifi ba ce. Amma lebura a masana'antun Sharaɗa ko Challawa a Kano, wanda kuɗin mota ke cinye masa albashi tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, abin da ke ransa shi ne ko za a biya shi Naira 70,000 ɗin da aka mayar mafi ƙarancin albashi a 2024. Ga tambayoyin da Turanci, a waya, shi ko bokon bai yi nisa ba. Mai binciken da ba zai iya zama da shi ya tambaye shi da Hausa baki da baki ba, ra'ayin 'yan ofis kawai zai kwaso.

Ƙananan abubuwa kuwa, irin lokacin canjin aiki, abincin kantin ko wurin alwala, a yi su a gida, babu mai tsoron faɗa.

In za ku ɗauko na waje, a rubuta yarjejeniya. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ba ta sauke muku nauyi don kun miƙa bayanan ga wani ba, in suka fita ku ma hukumar kare bayanai ta Najeriya, NDPC, za ta iya nema. A sa a takarda cewa amsar mutum ɗaya ba za ta je hannun shugabanni ba ko da mai kamfani ne ya nema, a sa ranar da za a goge su, a kuma sa ranar da za a tara ma'aikata, har masu gadi da direbobi, a karanta musu abin da aka samo.